Mun Bar Jaki Muna Dukan Taiki

A wannan makon za mu taɓo abin da ya shafi cikin gidanmu, mu Hausawa Kirista na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, waɗanda ake kira Masihiyawa. 'Yan uwanmu Musulmi da ke karatu, ku daure ku zauna tare da mu har ƙarshe, don ciwon da za mu faɗa ba ya tambayar mutum addininsa kafin ya kama shi.

Bara, bayan an gama cire masara, an yi taron farkawa na kwana uku a wata majami'ar ƙauye da ba za mu kira sunanta ba. An gayyato baƙon mai wa'azi daga nesa, ya zo da janareta da lasifika da kwalin ƙananan kwalabe na man zaitun. A daren farko ya ce duk wanda ya san rayuwarsa ta tsaya cik ya fito gaba. Kusan rabin majami'a ta miƙe. Wa zai zauna? Taki ya yi tsada, yara sun gama makaranta suna zaune a gida, wasu matan sun shekara biyar babu haihuwa. A dare na biyu ya ce an nuna masa cewa akwai hannu a cikin lamarin, kuma hannun ba na waje ba ne, yana cikin gida, yana cin tuwo tare da su. A dare na uku aka raba ambulan, aka ce kowa ya shuka iri daidai da girman abin da yake so Allah ya kwance masa.

Wani magidanci da muka sani ya kai buhu biyu na masara kasuwa ya sayar, ya zuba kuɗin a ambulan, ya karɓi kwalbarsa. Kafin mako ya zagayo, gwaggonsa, tsohuwa gwauruwa da ke zaune a ɗakin ƙofar gida, ta wayi gari ba mai cin abincin hannunta. Jikoki suna ganinta suna ratsewa. Ba wanda ya kira ta mayya a fili, amma ta gane, don ba yarinya ba ce. Ta daina zuwa zumuntar mata, daga baya ta daina zuwa sujada.

Yau shekara guda ke nan. Magidancin nan yana nan inda yake. Kuɗin takin da ya ranta wurin maƙwabcinsa tun bariya bai biya ba. Shi da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya sun shekara huɗu ba sa gaisawa saboda iyakar gonar gado, kuma duk Lahadi suna zama a majami'a ɗaya, wannan a dama wancan a hagu, suna rera waƙa ɗaya. Mu ma da ke wannan rubutu muna wurin a daren nan na biyu. Da mai wa'azi ya ce a ce amin da ƙarfi, mun ce. Don haka ba daga kan tudu muke magana ba, da mu aka yi.

Abin da ya sa muka kawo zancen nan gaban marubuta shi ne, wannan koyarwa ta fara shiga alƙalaminmu. A 'yan watannin nan matasa da dama sun turo mana rubutunsu don mu duba musu kafin su buga ko su watsa a waya. Kusan duk kan magana ɗaya ne: yadda za ka fita daga tsayawa wuri ɗaya. In ka buɗe sai ka tarar da jerin addu'o'i ashirin da ɗaya, ko arba'in, kowacce tana kiran wuta a kan wani maƙiyi: maƙiyin gidan uba, maƙiyin gidan uwa, wanda ya binne tauraronka, wanda ya ɗaure arzikinka a gindin tsamiya. Mun karanta ɗaya daga farko har ƙarshe muna neman kalmar tuba, ba mu same ta ba. Hausar ma kana ji ka san an ɗauko ta ne daga ƙasidun Turanci da ake sayarwa a tashar mota, aka sa mata riga da hula.

Maganarmu ita ce: an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, aka ba su suna ɗaya, aka kuma yi musu magani ɗaya na sayarwa. Akwai tsayawar aljihu, akwai tsayawar zuciya. Ta farko tana da dalilanta da kowa ya sani, daga farashin taki zuwa rashin aikin yi zuwa tumatirin da ke ruɓewa a kwando kafin mota ta zo. Ta biyu ita ce wadda Littafi Mai Tsarki ya damu da ita ƙwarai, kuma ita ce muka daina magana a kanta.

Duk wanda ya daɗe a cikin bangaskiya ya san ta. Ka durƙusa da asuba, bakinka yana motsi, zuciyarka tana kasuwa. Ka buɗe Littafi ka karanta sura guda, ka rufe, a tambaye ka me ka karanta ka rasa. Zunubin da ka yi kuka a kansa shekara goma da suka wuce har yanzu yana nan, sai dai yanzu ka daina kukan. Kana zuwa sujada don kada a ce ba a gan ka ba. Mutum na iya cika rumbu uku, ya sayi babur sabo, ya aurar da 'ya'yansa da kiɗa, alhali a ciki ya bushe kamar karan dawa a watan Maris. Wani kuma ba shi da ko akuya, amma in ka zauna da shi minti goma sai ka tashi da kunyar kanka. In dai dukiya ce ma'aunin tafiya da Allah, to sai mu fara da goge tarihinmu, domin tarihinmu ya ƙaryata wannan ma'auni tun daga tushe.

Mu je Gimi. Tana nan a ƙaramar hukumar Makarfi, wasunmu suna wucewa ta kusa da ita a kan babur ba tare da sun san abin da ƙasarta ta rufe ba.

A shekarun 1860, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Cikin karatunsa hankalinsa ya tsaya a kan matsayin Annabi Isa, ya yi ta koyar da abin da ya fahimta, mutane suka taru gare shi, aka riƙa kiran su Isawa. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Ba su da majami'a, ba su da Linjila a hannu. Abin da suke da shi kawai ɗan hasken da suka samu da kuma jiran ranar da za a kawo musu sauran labarin. Sun yi wannan jira kusan shekara hamsin, 'ya'ya suka gada daga iyaye.

A ɗaya gefen kuma, Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya shigo ƙasar Hausa a 1900 tare da ayarin Bishop Tugwell. Sun isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku. A 1905 Miller ya samu zama cikin birnin Zariya. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi saƙonsa ba su taka kara sun karya ba. Da a yau ne, da an ce masa akwai wanda ya ɗaure hidimarsa. Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka zo suka same shi. Daga wannan haɗuwa aka kafa zangon Kirista a Gimi, aka tara iyalai mutum ɗari da 'yan kai, aka yi majami'a da makaranta, wani limami baƙar fata daga tsibiran Karebiyan mai suna W. A. Thompson ya zauna tare da su.

To, ga mutanen da suka yi addu'a, suka yi jira, suka bar garuruwansu saboda abin da suka gaskata. Bisa lissafin mai kwalaben man zaitun, a nan ne ya kamata a ce rumbuna sun cika, shanu sun yi yawa. Abin da ya zo shi ne ciwon barci. Ƙudan tsando da ke kurmin bakin rafi ya shiga cikinsu, cikin 'yan shekaru kaɗan ya kwashe manya da yara. Aka yi ta haƙa kabari har zangon ya watse, waɗanda suka tsira, da yawansu yara ne, aka kwashe su zuwa Zariya.

Muna so masu jerin addu'o'in wuta su ba mu amsa. Wace gwaggo ce ta ɗaure tauraron mutanen Gimi? Irin nawa ya kamata su shuka a ambulan da ba su shuka ba? Ko kuwa bangaskiyarsu ce ba ta kai tamu ba, mu da ruwan sama kaɗan ke hana mu zuwa sujada?

Amma labarin bai ƙare a makabarta ba. A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai, wadda har yau tana tsaye, aka yi makaranta da asibiti. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna yi tare da Hausawan da suka san harshen. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma aka samu Dakta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa, wanda babban asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Daga zuriyar Isawa aka samu Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje a Jamhuriya ta Biyu. Ku kuma marubuta, ga naku: John Tafida na Wusasa, wanda shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga littattafai biyar na farko na ƙagaggun labaran Hausa, sa'an Ruwan Bagaja da Gandoki.

Kada a juya mana magana. Ba muna cewa ladan biyayya shi ne jikanka ya zama minista ba, don in mun faɗi haka mun koma layin mai ambulan ta ƙofar baya. Yawancin waɗanda aka binne a Gimi ba wanda ya san sunansu yau, kuma ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya tsaya a bakin kaburburan nan a lokacin zai rantse cewa komai ya tsaya, alhali ba abin da ya tsaya. Idonmu ba ya iya auna tafiyar Allah da mutum ta hanyar duba aljihunsa ko lafiyarsa. Wanda ya ce zai auna maka ita da wannan mudu, kuɗinka yake so.

Akwai kuma darasi na biyu a wannan yanki namu. Ciwon barcin da ya cinye Gimi bai bar maƙwabta ba, ya addabi ƙasar Anchau, Musulmi da Maguzawa duka. A ƙarshen shekarun 1930 aka fara wani babban aiki a can: aka sare kurmin bakin rafuffuka inda ƙudan ke fakewa, aka haƙa rijiyoyi, aka fitar da mutane daga cunkoso, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Da gatari da adda da gumi aka kori ƙudan tsando. Haka nan a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, ba ta tsallake gonar mai azumi ta faɗa ta wanda ba ya yi ba. Ta ci ta Audu, ta ci ta Bulus. Abin da ke da dalili a fili a neme shi a fili. Allah da ya ba mu gwiwar durƙusawa shi ya ba mu hannun riƙe fartanya, kuma bai taɓa cewa ɗaya ta karɓi aikin ɗaya ba.

Yanzu mu koma ga Littafin da muke cewa muna bi. A Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5, Na'aman babban hafsan Suriya ya zo wurin annabi Elisha da kuturta, ya zo da azurfa da zinariya da tufafi. Yana sa ran annabi zai fito ya yi abin kallo, ya ɗaga hannu, ya yi kira da babbar murya. Annabi ko fitowa bai yi ba, ya aika a ce masa ya je ya yi wanka a Urdun sau bakwai. Na'aman ya fusata, don abin ya yi masa ƙanƙanta. Barorinsa ne suka lallashe shi, ya je, ya warke. Da ya dawo da kyauta, Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala. Baransa Gehazi ne ya bi baya a ɓoye ya karɓa, kuturtar ta koma kansa. Duk abin da muke faɗa yana cikin wannan sura ɗaya. Mun fi son abu mai wuya mai ban mamaki a kan abu mai sauƙi mai ƙasƙantar da kai. Kwana uku ba barci ana ihu ya fi mana sauƙi a kan mu taka ƙafa ɗari biyu zuwa ƙofar ƙanenmu mu yi sallama.

Sarki Saul ma haka ya yi a Littafin Sama'ila na Fari, sura 15. An ba shi umarni, ya cika rabi, ya ajiye dabbobi masu ƙiba, da aka tambaye shi ya ce ai don hadaya ya ajiye su. Annabi Sama'ila bai karɓi wannan uzuri ba, ya nuna masa cewa baiko ba ya rufe ramin da rashin biyayya ya haƙa. Yesu kansa, a cikin Matiyu sura 5, ya koyar cewa mai kawo baiko da ya tuna akwai ɗan'uwan da ke da ƙara a kansa, ya dakata da baikon, ya je su shirya tukuna. Ku lura da tsarin: sulhu a gaba, baiko a baya. Mu mun juya shi, mun sa ambulan a gaba, sulhun kuma mun bar shi sai ranar jana'iza. Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura 19, da ya sadu da Yesu bai nemi a karya masa wata sarƙa ba. Ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu, kuma a nan ne aka shaida cewa ceto ya shigo gidansa.

Mun san za a yi mana martani, bari mu tari wasu tun yanzu.

Wani zai ce, wato kuna musun akwai Shaiɗan da miyagun ruhohi? Ba mu musa ba. Kakanninmu da yawa Maguzawa ne, sun fito daga tsafi da bori, sun san abin da suka baro, kuma da suka ƙone kayan tsafinsu ba wasa suke yi ba. Amma abin da ya fitar da su shi ne labarin cewa Almasihu ya fi ƙarfin abin da suke tsoro, don haka tsoro ya ƙare. Mai wa'azin da ya zo ya sake dasa maka tsoron gwaggonka, ya ce sai ta hannunsa za ka tsira, kuma da kuɗi, ya mayar da kai gidan boka ne, sai dai wannan bokan yana sa kwat. Ko a Gidan Adnin maciji bai ɗaure wa kowa tauraro ba, rashin biyayya ya koya musu. Har yau sana'arsa ke nan.

Wani zai ce, kuna ɗora wa talaka laifi alhali ana danne mu. Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Bahaushe Kirista ya san zafin a tambaye shi wane ƙabila ne shi na ainihi, kamar ba a Bahaushe sai da addini ɗaya. Ya san wahalar neman filin gina majami'a a wasu wurare. Dattawanmu suna tuna watan Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu aka ƙone majami'u a Zariya da wasu garuruwa. Biyayya ga Allah ba ta hana neman haƙƙi, manzo Bulus ma ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Sai dai wanda ya hana ka fili bai hana ka biyan bashi ba. Wanda ya raina ka a ofis ba shi ne ya sa ka ɗaga wa matarka hannu ba. Kuma in gaskiya za a faɗa, al'ummar da ake matsa wa daga waje ita ce ta fi buƙatar kada ta cinye kanta daga ciki. Mu 'yan kaɗan ne. Duk tsohuwar da aka kora daga sujada da zargin maita, an rage mu da ɗaya, kuma ba wani ne ya rage mu ba.

Wani kuma zai ce, ai biyayyar ke nan muke yi, bawan Allah ya ce a kawo, muka kawo. A'a. Fasto yana da girmansa, kuma da yawa daga fastocin ƙauyukanmu, na Anglican da ECWA da Baptist da Katolika da sauransu, suna aiki ne cikin talauci, suna noma da hannunsu, suna binne matattunmu cikin ruwan sama. Ba da su muke ba. Amma ko mala'ika ne ya ce ka ƙi tsohuwar da Littafi ya ce ka kula da ita, ka bi Littafi. Dalilin da ya sa aka sha wahalar juya shi zuwa Hausa ke nan, don kowa ya karanta da idonsa ya auna abin da ake faɗa masa daga kan mumbari.

Na ƙarshe shi ne ya fi taɓa zuciya. Akwai mai cewa, ni na bincika kaina, na biya bashi, na nemi gafara, ina addu'a, amma har yanzu sama kamar an rufe ta da faranti. Wannan ɗan'uwa ba ma tuhumarsa da komai, don ba kowane fari ne hukunci ba. Ayuba bai yi laifin da abokansa suka ɗora masa ba. Annabi Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, Allah kuma bai tsawata masa ba, ya ba shi abinci da barci, sannan ya mayar da shi bakin aiki. Bulus ya roƙi a cire masa abin da ke damunsa har sau uku, ba a cire ba. A Gatsemani Yesu ya yi roƙo sau uku, ƙoƙon bai wuce shi ba, ya tashi ya tafi inda aka aike shi. A zamaninmu ma, wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata da aka buga a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun nuna ta shafe shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah a zuciyarta, amma ba ta fasa tashi da asuba ta yi addu'a ta je ta wanke marasa lafiya ba. Manomin rake a Makarfi ya san wannan. Ya dasa, ya yi ban-ruwa, ya yi wata da watanni kafin ya ga kuɗin mazarƙwaila, kuma ba ya tone gindin kullum don ya duba ko yana girma. Wanda ya ci gaba da addu'a da biyayya cikin fari bai tsaya ba, ko da shi kansa yana jin kamar ya tsaya.

To mene ne abin yi? Kada kowa ya ce mun rage darajar addu'a. A yi ta, a ƙara, a yi azumi, a kwana a majami'a in an ga dama. Amma addu'ar da ta isa sunanta tana da ƙofar fita. Ka durƙusa ka tambayi Ubangiji abu ɗaya da ka riga ka sani ya ce ka yi, ba ka yi ba. Yawancinmu ba ma buƙatar annabi ya faɗa mana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani kuɗin taki ne. Wani mudun da ya bubbuge wa gindi ne. Wani ruɓaɓɓen tumatirin da yake jerawa a ƙasan kwando ya rufe da mai kyau. Wani 'yarsa ce da ya cire daga makaranta don ta yi talla. Wani burkutu ne, wani wayar da yake ɓoye wa matarsa. Ka tashi daga gwiwarka ka je ka yi wannan ɗayan kafin rana ta faɗi. Gobe ka dawo ka tambayi na biyu. Ba mu yi maka alkawarin rumbu zai cika ba, ba mu da wannan iko, kuma duk wanda ya ce yana da shi ƙarya yake. Abin da muka gani a kanmu da kan wasu shi ne, bakin da ya yi nauyi wajen addu'a yakan saki bayan an sauke irin wannan kaya.

Ku kuma masu alƙalami, ku daina kwafe. Kuna zaune a kan labaran da ba wanda ya rubuta su da Hausa yadda ya kamata, kuna ɗauko na wasu. Ku je Gimi ku ga wurin. Ku je Wusasa ku zauna da tsofaffi tun suna da rai. Ku tambayi kakanninku a ƙauyukan Ikara da Kudan yadda bishara ta shigo gidanku, wa ya fara karɓa, me aka yi masa, me ya bari. Ku rubuta labarin 'yan'uwa biyu da iyakar gona ta raba, ku bi su har ranar da ɗaya ya yi sallama a ƙofar ɗaya, ko ranar da ya makara. Ku rubuta tsohuwar ɗakin ƙofar gida, ku ba ta baki ta yi magana. Kuma ku sani rubutu ba ya mutuwa da wuri. Jerin addu'ar da ka watsa yau don a yaba maka, wani zai karanta shi a ƙauyen da ba ka taɓa zuwa ba, ya ɗaga kai ya kalli matar babansa da wani ido. Alhakin wannan kallo yana wuyanka.

Mu da muka ce amin a daren nan mun je mun gaishe da tsohuwar, mun nemi gafararta. Ta ce ba komai, ta kawo mana ruwa a moɗa, ta tsaya tana kallo ta ga ko za mu sha. Mun sha. Har yanzu ba ta dawo sujada ba, kuma ba mu da bakin da za mu ce mata ta yi sauri.

Allah ya ba mu ikon gyarawa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.